Shirin gida da mota kafin guguwar dusar ƙanƙara

Guguwar dusar ƙanƙara yanayi ne na hunturu a ƙasashen sanyi, inda iska mai ƙarfi take kwasar dusar da ke sauka, ko wadda ta riga ta kwanta a ƙasa, ta turnuƙe sararin sama da ita. Ta fi hazo mai kauri rufe ido, ga kuma sanyin da ke iya kisa. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ba ta kiran hadari da wannan suna sai gudun iskar ya kai kilomita 56 a awa, ido ya kasa hangen abin da ya wuce mita 400, kuma an ɗauki awa uku ko fiye a haka. A yawancin Kanada ma'aunin kilomita 40 ne a awa na tsawon awa huɗu. Hukumomin kan yi shela iri biyu: ta farko ta a zauna cikin shiri, wadda kan fito kwana ɗaya ko biyu kafin hadarin, ta biyu kuma gargaɗi ne cewa abin ya ƙaraso. Duk wani shiri na kirki tsakanin waɗannan biyun ake kammala shi, domin da zarar iska ta taso, fita sayayya ma haɗari ce.

Abin da ke kashe mutane

Ranar 23 ga Disamban 2022 guguwa ta rufe birnin Buffalo da ke jihar New York. Birnin yana bakin tafkin Erie, kuma idan iska mai sanyi ta bi ta saman ruwan da bai daskare ba, sai ta kwashi danshi ta juye shi dusa a kan gari. Cikin 'yan kwanaki tsayin dusar da ta sauka ya haura mita ɗaya, mutum fiye da 40 suka rasu a yankin. An tsinci wasu a cikin motocinsu, wasu a kan titi bayan sun fita da ƙafa, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke. Akwai waɗanda zuciyarsu ta buga suna kwashe dusa, akwai waɗanda ciwo ya taso musu motar asibiti ta kasa isowa.

A Fabrairun 2021 jihar Texas ta ga irin nata. Can ba a gina gidaje da tashoshin lantarki don tsananin sanyi ba, sai gidaje da wuraren kasuwanci sama da miliyan 4 suka rasa wuta, wasu na tsawon kwanaki. Hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka mutu. A wuraren biyu, rashin ɗumi da yankewar hanya ne suka fi yin ɓarna, sai kuma dabarun neman ɗumi masu haɗari da mutane suka koma wa da sanyi ya matsa. A kan waɗannan ake gina shirin.

Gida

Ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, shi ya sa bututun famfo ke fashewa a cikin bango. Sau da yawa ba a ganin ɓarnar sai sanyi ya lafa, ƙanƙarar ta narke, ruwa ya ɓalle ta silin. Maganinsa tun da kaka ake fara shi: a naɗe bututun da ke gareji da ɗakin ƙasa da jikin bangon waje da soso, a cire tiyo daga famfon tsakar gida a tsiyaye shi. A daren da sanyi ya tsananta ana barin famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan, a buɗe ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumin ɗaki ya kai ga bututun. Kowane babba a gidan ya san inda makunnin da ke tsayar da ruwan gidan gaba ɗaya yake. Wanda zai yi tafiya kada ya kashe na'urar ɗumama gida, ya bar ta a kan digiri 13 na ma'aunin Celsius ko sama.

Mutane da dama kan ɗauka tunda na'urar ɗumama gidansu da gas take aiki, ɗaukewar wuta ba ta shafe su ba. Ta shafe su, domin fankar da ke tura ɗumin cikin ɗakuna da lantarki take juyawa. Idan wuta ta tafi, iyali su tattaru a ɗaki guda, a rufe sauran, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a saki labule da dare. Tufafi marasa nauyi hawa-hawa sun fi riga ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, kuma hula da safa ba na wasa ba ne. Tsofaffi da jarirai su ne sanyi ke fara kayarwa. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum kan fara rawar ɗari, magana ta sarƙe, hankali ya dagule, barci ya rinjaye shi, kuma wannan hali na gaggawa ne.

Babban abin tsoro a nan shi ne iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana fitowa daga duk abin da ke ƙona mai ko gawayi ko gas. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya ma farkawa. Janareta a waje ake ajiye shi, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, kuma ba a sa shi a gareji ko da an bar ƙofar a buɗe. Ba a ɗumama ɗaki da murhun girki na gas. Wannan batu ya shafi 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai Amurka da Kanada da Turai kai tsaye: wanda ya tashi yana ganin ana shigo da kaskon garwashi ɗaka lokacin ɗari zai iya ganin abin ba komai ba ne, alhali gidajen can an like su ruf don kada ɗumi ya fita, hayaƙin ma ba shi da mafita. Na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska ba ta da tsada, a maƙala ta kusa da ɗakunan kwana a duba batirinta. A riƙa leƙa bututun da ke fitar da hayaƙin na'urar ɗumama gida ta waje, domin dusa kan toshe shi hayaƙin ya dawo ciki. Hita mai lantarki kuma a nesanta ta mita ɗaya daga labule da katifa.

Guzurin da hukumomi ke ba da shawara na kwana uku ne aƙalla: ruwan sha kusan lita 4 ga kowane mutum a rana, abincin gwangwani da busasshe wanda ba ya buƙatar dafuwa, magungunan masu ciwon suga da hawan jini, madarar jarirai, tocila da batir, da rediyo mai batir. Tocila ta fi kyandir, saboda gobara. A cika waya da caji tun wuta na nan.

Mota

Sanyi yana rage ƙarfin batir a daidai lokacin da inji ke buƙatar ƙarfi sosai kafin ya tashi, don haka batirin da ya tsufa a gwada shi tun kafin hunturu. A lagireto ana haɗa ruwa da sinadarin hana daskarewa rabi da rabi, haɗin da ke jure sanyin da ya kai kusan digiri 37 ƙasa da sifili. Ruwan wanke gilashi ma akwai na hunturu, na bazara daskarewa yake a kan gilashin. Iskar taya tana raguwa idan gari ya yi sanyi, sai an riƙa aunawa. Tayar hunturu kuwa robarta ba ta sandarewa idan yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7, shi ya sa ta fi kama titi. A lardin Quebec na Kanada doka ce a sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Tanki kada ya gaza rabi, domin man da ke cikinsa shi ne ɗumin wanda ya maƙale a hanya.

A but ana ajiye bargo, da ƙaramin shebur, da makankarin gilashi, da wayar tayar da batir, da tocila, da ruwa da ɗan abin ci, da buhun yashi da za a zuba a ƙarƙashin taya idan tana juyawa a wuri ɗaya. Kafin tashi a share dusar da ke kan rufin motar duka, don kada ta zamo ta rufe gilashin gaba ko ta faɗa kan na baya. A kan hanya a rage gudu, a bar tazara mai yawa, a taka birki a hankali, musamman a kan gada, domin gada kan riga sauran titi daskarewa. Idan hukuma ta hana tuƙi, a bi, saboda motar da ta maƙale tana tare hanyar motar asibiti da motar share dusa.

Wanda guguwa ta rutsa da shi a hanya ya zauna cikin motarsa, sai fa idan ga gini nan yana gani dab da shi. A cikin farin turnuƙun nan mutum kan ɓace 'yan taku kaɗan daga mota. Ya kira lambar agaji, wato 911 a Amurka da Kanada, ya ɗaura ƙyalle mai launi a jikin ƙofa. Ya riƙa kunna inji kamar minti 10 a kowace awa, ya sassauta gilashi kaɗan, kuma kafin kowace kunnawa ya fita ya tabbata dusa ba ta toshe bakin salansa ba, don kada hayaƙin ya dawo cikin motar. Idan su biyu ne ko fiye, su riƙa barci bi da bi.

Bayan an lafa, kwashe dusa aiki ne mai nauyi ga zuciya, balle a cikin sanyi da ke takure jijiyoyin jini. Mai ciwon zuciya ko mai shekaru ya nemi wanda zai yi masa. Mai yi kuma ya tura dusar maimakon ɗaga ta, ya riƙa hutawa, ya tsaya nan take idan ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi. Gishirin da ake watsawa a ƙofar gida don narkar da ƙanƙara ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, a lokacin yashi ya fi shi amfani.