Mece ce Lambar Brownlow, kuma wane ne mai sunan?

Duk ƙarshen watan Satumba, idan ka leƙa labaran wasannin Ostireliya, za ka ga ana ta maimaita wata kalma: Brownlow. Wane ya ci Brownlow, wane aka hana Brownlow, wane ya kamata a ce ya samu. 'Yan ƙasar ma har laƙabi suka yi mata, suna ce mata Charlie. Lambar yabo ce da ake bai wa ɗan wasa a gasar AFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya, kuma ba ta da na biyu a daraja cikin kyaututtukan da mutum ɗaya yake samu a wasan.

Wannan ƙwallo ba irin wadda muka saba kallo ba ce. Filinta mai siffar ƙwai ne, ita ma ƙwallon haka take, kowane ɓangare yana da mutum 18, ana bugawa da ƙafa ana kuma kamawa da hannu. A birnin Melbourne aka fara rubuta dokokinta a 1859.

A waccan shekarar aka kafa kulob ɗin Geelong, wani gari na bakin teku kudu maso yamma da Melbourne. A garin aka haifi Charles Brownlow a 1861. Ya shiga kulob ɗin yana saurayi, ana kuma ba da labarin cewa mahaifinsa ba ya son harkar ƙwallo, shi ya sa yakan fito fili da sunan aro, Green. A 1883 shi ne kyaftin, kuma a shekarar Geelong ta ɗauki kofin gasar VFA, wadda ita ce babbar gasar yankin Victoria a zamanin. Wasansa a fili bai yi tsawo ba. Abin da ya daɗe yana yi shi ne aikin sakataren kulob, daga 1885 har 1923, kusan shekara 40 yana fama da rajista, kuɗin ƙofa, wasiƙu da rigingimun 'yan wasa. Yana kan wannan kujera lokacin da Geelong da wasu kulob bakwai suka ɓalle suka kafa gasar VFL, wadda ta fara a 1897, aka kuma sauya mata suna zuwa AFL a 1990. Ya wakilci kulob ɗinsa a hukumar gasar shekara da shekaru, ya shugabanci kwamitin da ke kula da alƙalan wasa, har ya riƙe shugabancin gasar a 1918 da 1919. Ya rasu a watan Janairun 1924, a shekarar kuma hukumar ta ƙirƙiro lambar don tunawa da shi.

Abin yana burge ni ƙwarai. Lambar da kowane gwani yake mafarkinta ba sunan wanda ya fi kowa cin ƙwallo take ɗauke da shi ba, sunan mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a ofis ne don wasan ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya fara karɓarta ma ɗan Geelong ne, Edward Greeves, da aka fi sani da Carji, da ƙuri'a 7.

Sharaɗin lambar guda biyu ne, kuma a yadda aka rubuta su tsabtar wasa ce a gaba, gwaninta na biye. Masu zaɓen ba 'yan jarida ba ne kamar a Ballon d'Or, ba kuma masu horarwa ba ne. Alƙalan da suka busa wasan ne. Da an tashi, sai su keɓe su yi shawara, su bai wa wanda ya fi kowa ƙuri'a 3, mai bi masa 2, na uku 1. A rufe takardar, babu mai ganinta sai daren ƙidaya, wanda a al'ada yake faɗowa ranar Litinin ta makon wasan ƙarshe. Ranar ake karanto ƙuri'un wasa bayan wasa a talabijin, 'yan wasa na zaune da iyalansu, kowa na lissafi a ransa. Wasannin zagayen kaka kawai ake ƙirgawa, ban da na neman kofi. Da farko ƙuri'a ɗaya tak ake bayarwa a kowane wasa, sai a 1931 aka koma tsarin 3, 2, 1. Daga 1942 zuwa 1945 ba a bayar da lambar ba saboda Yaƙin Duniya na Biyu.

Maganar tsabtar wasa ba ado ba ce. A gasar AFL babu jan kati. Idan ka yi ƙeta, alƙali zai rubuta sunanka, ka ci gaba da wasa, daga baya kwamitin ladabtarwa ya duba. In aka dakatar da kai ko da wasa ɗaya ne a kakar, to kai da Brownlow sai baɗi, ko da ƙuri'unka sun fi na kowa. Mai kallon ƙwallon da muka sani zai tuna Zidane a 2006: an kore shi daga wasan ƙarshe na Kofin Duniya, amma shi aka bai wa kyautar gwarzon gasar. A tsarin Brownlow haka ba za ta yiwu ba.

Dokar kuwa ta ci mutane. A 1996 Corey McKernan na North Melbourne ya yi kunnen doki da James Hird da Michael Voss, su biyun suka karɓa, shi ya tashi hannu rabbana saboda dakatarwar wasa ɗaya. Da shekara ta zagayo abin ya fi ciwo: Chris Grant na Western Bulldogs ya samu ƙuri'a 27, ya fi kowa, amma Robert Harvey na St Kilda mai 26 ne ya tafi da ita. Har yau magoya bayan Bulldogs ba su huce ba. Ina jin zafin abin da ya sami Grant, amma ina tare da dokar, domin da zarar an fara sassauta ta ga wanda ake so, rabin ma'anar lambar ya tafi. Jobe Watson na Essendon ma ya ci ta a 2012, sai a 2016 ya mayar da ita bayan hukuncin da aka yanke wa 'yan kulob ɗinsa kan haramtattun sinadaran ƙara kuzari, aka bai wa Sam Mitchell da Trent Cotchin.

Mutum huɗu ne suka ci ta sau uku: Haydn Bunton babba, Dick Reynolds, Bob Skilton da Ian Stewart. Jim Stynes, ɗan Ailan da ya koyi wasan bayan ya girma, ya ci a 1991. A 1993 Gavin Wanganeen ya zama na farko cikin 'yan asalin ƙasar, Aborijin, da ya karɓe ta.

Inda nake da ƙorafi shi ne inda ƙuri'un suke taruwa. Idon alƙali yana kan ƙwallo, ƙwallo kuwa ta fi zama a hannun 'yan tsakiya, shi ya sa kusan kullum su ne ke kwashewa. Mai tsaron baya zai iya hana gwanin abokan hamayya sakat tun daga farko har ƙarshe, ya fita ba ko ƙuri'a ɗaya. Tony Lockett, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin gasar, sau ɗaya ya same ta, a 1987, ita ma tare da John Platten suka raba. A 2024 kuwa Patrick Cripps na Carlton, ɗan tsakiya, ya tara ƙuri'a 45 shi kaɗai.