Salansar canji a motocin gudu masu turbo

Salansar canji ita ce jerin bututai da tukwanen hayaƙi da wani kamfani na daban ya ƙera, waɗanda mai mota ke ɗaura wa motarsa a madadin waɗanda ta fito da su daga masana'anta. A motocin gudu masu turbo, irin su Subaru WRX da Mitsubishi Lancer Evolution da Toyota Supra da Volkswagen Golf GTI da Porsche 911 Turbo, wannan canji yana cikin abubuwan farko da masu su ke taɓawa, musamman a Japan da Amurka da ƙasashen Turai inda sana'ar ta kafu. Abu uku ake nema: ƙarin ƙarfi, sauti mai daɗi, da rage nauyi. Sai dai ba wuri ɗaya ake samun su ba. Ƙarfin yana gaba, dab da turbo, sautin kuma yana can baya wajen tukunyar ƙarshe. Da yawa daga masu saye kuɗin sauti suke biya suna zaton ƙarfi suka saya.

Turbo da hanyar hayaƙi

Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabarar turbo a 1905, amma ba ta shiga motocin hawa ba sai 1962, da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair a Amurka. Porsche 911 Turbo ta 1975 ce ta ɗaura mata sunan gudu. Turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da injin ya fitar yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu wadda ke danna iska cikin injin, a ƙona fetur da yawa, ƙarfi ya ƙaru. Sandar kan yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke shiga kuwa zafinsa kan kai digiri 900 a ma'aunin Selsiyos idan an matsa wa motar.

Abin da ke juya farfelar shi ne bambancin matsi tsakanin gabanta da bayanta. Idan hanyar da ke bayanta ta matse, hayaƙi ya taru a can, bambancin ya ragu, turbo ta yi jinkirin tashi, injin kuma ya riƙa ɓata ƙarfinsa wajen turo hayaƙi waje. Shi ya sa a mota mai turbo duk abin da ya rage cunkoso a bayan farfela riba ce. Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a garejoji, wai injin yana buƙatar ɗan matsi a salansa kafin ya yi ƙarfi. Maganar ta samo asali ne daga injuna marasa turbo, inda siririn bututu ke sa hayaƙi gudu har ya taimaka wajen zuƙo wanda ke biye da shi, kuma ko a can saurin hayaƙin ne mai amfani, ba matsin ba. A mota mai turbo farfela ta riga ta farfasa waɗannan bugun hayaƙin, don haka maganar ba ta da gurbi a bayanta.

Nau'o'i uku

Daga turbo, hayaƙi yana bi ta bututun gangara, wanda a kasuwa ake kira daunfayif, ya ratsa katalis mai tace guba, ya bi bututun tsakiya inda akan sa ƙaramar tukunya mai suna rezoneta, sannan ya isa babbar tukunyar baya ya fita. Ana sayar da salansar canji ne bisa wurin da aka fara cire ta asali.

Mafi sauƙi ita ce wadda ke farawa daga gindin tayoyin baya, wato tukunyar ƙarshe da bakunanta kaɗai. Sauti da ado take canzawa, ba ta da wani tasirin a zo a gani kan ƙarfi. Ta biyu, kat-bak, tana farawa daga bayan katalis zuwa ƙarshe. Ita aka fi saye, domin ba ta taɓa na'urorin tace hayaƙi, ba ta kuma bukatar a sake saita kwamfutar injin. Ƙarin ƙarfinta ɗan kaɗan ne a mafi yawan motocin zamani, waɗanda salansarsu ta asali ba ta matse sosai ba. Ta uku, turbo-bak, tana kwashe komai tun daga bakin turbo, kuma a nan ne magana take.

Bututun gangara

Wannan ɗan guntun bututu shi ne wurin da ya fi matsewa a duk hanyar, saboda a cikinsa ko dab da shi ake dasa katalis don ya yi saurin ɗaukar zafi. Katalis ɗin asali yakan zo da ƙananan ramuka 400 zuwa 600 a kowane murabba'in inci, an shafe su da ƙarafa masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam. Na canji kan zo da ramuka 200 ko ma 100, masu faɗi, wasu bututan kuma babu katalis ɗin kwata-kwata.

Buɗe wannan wuri yana sa turbo ta tashi da wuri, ƙarfi ya zo tun injin bai yi juyi da yawa ba. Amma yana jawo abubuwa uku da mai saye ya kamata ya sani. Na farko ya shafi 'yar ƙofar da ke jikin turbo, wadda ke buɗewa ta karkatar da wani ɓangare na hayaƙi idan matsin iska ya kai iyakar da aka saita. An auna girman ƙofar nan ne da salansar asali. Idan bayan farfela ya buɗe sosai, hayaƙi yakan fi son bi ta farfelar, ƙofar ta kasa sauke abin da ya kamata, matsin iska ya yi ta hawa a juyi mai yawa fiye da yadda kwamfuta ta nema. Ƙarshen wannan, idan fetur bai ishi iskar ba, shi ne ƙwanƙwasar injin da narkewar fistin. Wasu maƙera suna raba wa ƙofar siririn bututunta na daban kafin ya haɗe da babban, wasu kuma suna yi wa bakin bututun faffaɗan buɗi ya rufe ramukan biyu tare.

Na biyu, akwai sensar iskar oksijin a bayan katalis wadda aikinta shi ne duba ko yana tacewa. Idan ta ga tacewar ta yi ƙasa sai ta kunna fitilar gargaɗi a gaban direba, lambar kuskuren da na'urar bincike ke nunawa ita ce P0420. Na uku kuwa, cikakkiyar ribar bututun ba ta fitowa sai an sake saita kwamfutar injin, a daidaita fetur da lokacin tartsatsi da matsin turbo. Saboda haka kuɗin bututun gangara ba kuɗin ƙarfen kaɗai ba ne, har da na mai saiti, kuma kamfanin motar na iya ƙin karɓar garanti kan duk lalacewar da ya danganta da canjin. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan wani kamfani, amma ba ta kare wanda canjinsa ne ya jawo ɓarnar ba.

Faɗi da lanƙwasa

Faɗin da aka fi gani shi ne inci 2.5 da inci 3, wato milimita 63.5 da 76. Rabin inci ne tsakaninsu, amma filin da hayaƙi ke bi a cikin na inci 3 ya fi na ɗayan da kashi 44 cikin ɗari. Inci 3 ya zama kamar ma'aunin da aka saba da shi a motoci masu silinda huɗu da lita biyu da aka ƙara wa ƙarfi. Wuce haka a motar da turbonta ta asali ce ba ya ƙara komai sai ƙugi da nauyi, da matsowa kusa da ƙasa.

Yadda aka lanƙwasa bututun ma abin dubawa ne. Injin lanƙwasa na gama-gari yana matse ƙarfe a wurin kwana, faɗin ya ragu. Kamfanoni masu inganci suna zura sandar tallafi a cikin bututun yayin lanƙwasawa, faɗinsa ya tsaya yadda yake tun daga farko har ƙarshe. Bututu mai inci 3 da aka matse a kwana huɗu zai iya kasa na inci 2.5 da aka lanƙwasa da kyau.

Irin ƙarfen

Mafi araha shi ne ƙarfe mai rufin alminiyam, wanda ke tsatsa da zarar rufin ya kankare. Sai ƙarfe marar tsatsa mai lamba 409, irin wanda kamfanonin mota da yawa ke amfani da shi. Bayansa kan yi ja-ja amma ba ya saurin hujewa. Mai lamba 304, wanda ke da kimanin kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, ya fi shi jure gishirin da ake watsawa a titunan Turai da arewacin Amurka lokacin ƙanƙara, kuma shi ne zaɓin mafi yawan salansa masu tsada. Maganaɗisu yana kama 409 sosai, amma da kyar yake kama 304, dabarar da masu saye ke gwada kaya da ita.

Titaniyam shi ne na ƙarshe a tsada. Nauyinsa giram 4.5 ne a kowane kubik santimita, na ƙarfe kuwa kusan 8, don haka salansar titaniyam takan sauke kilo da yawa daga bayan mota. Zafi yana rina shi shuɗi da ruwan gwal, abin da ya sa wasu kamfanoni ke ƙona bakin salansar ƙarfe don ta yi kama da shi. Aibinsa yana bayyana ranar da ya tsage, domin ba kowane mai walda ke iya ɗinke shi ba, sai mai na'urar da ke lulluɓe wurin da iskar argon.

Sauti

Turbo da kanta tana danne sauti, tunda tana cinye wani kaso na ƙarfin hayaƙi kafin ya fita. An ga haka a gasar tseren motoci ta Formula 1 a 2014, lokacin da aka koma injuna masu turbo da silinda shida, 'yan kallo suka yi ta ƙorafin cewa motocin sun daina ruri. Kamfanonin mota ma sun san da wannan, har wasu samfurin Golf GTI da BMW M5 suna ƙara wa direba sautin injin na roba a cikin ɗakin mota.

Matsalar da ta fi sa mutane sayar da salansar da suka saya da tsada ita ce gunjin da ke cika ɗakin mota a doguwar tafiya. Injin mai silinda huɗu yana bugu biyu a kowane juyi, don haka a juyi 3,000 a minti yana fitar da bugu 100 a daƙiƙa. Idan wannan ya dace da tsawon bututu da girman ɗakin motar, sai sautin ya riƙa amsa kansa, ya dami kunne, ya hana hira. Maganinsa shi ne rezoneta mai kyau, ko wani rufaffen reshen bututu da aka auna tsawonsa don ya kashe wannan muryar kaɗai. Bidiyon intanet ba ya nuna gunjin nan, domin lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri irinsa, kuma galibi daga bayan mota ake ɗauka tana tsaye. Wasu salansa suna zuwa da bawul da ake buɗewa ko rufewa da maɓalli, mota ta yi shiru a unguwa ta buɗe murya a filin tsere.

Ba duk murya ce ke fitowa daga salansa ba. Gurnanin da aka san tsofaffin Subaru WRX da shi ya fito ne daga bututan gaban turbo da tsawonsu bai zo ɗaya ba. Samfurin 2015 ya zo da bututai masu tsawo ɗaya, gurnanin ya tafi, kuma babu tukunyar baya da za ta dawo da shi.

Doka

A Amurka dokar tsaftar iska ta tarayya ta haramta cirewa ko lalata katalis a motar da ke hawa titi, hukumar kare muhalli ta EPA kuma ta sa farautar masu sayar da irin waɗannan kaya cikin manyan ayyukanta daga 2020 zuwa 2023. Jihar Kalifoniya tana neman lambar amincewar hukumarta mai kula da tsaftar iska, CARB, kan kayan da suka shafi hayaƙi, ta kuma sa iyakar ƙarar salansa desibel 95 ga ƙananan motoci. A Turai ƙa'ida mai lamba 59 ta hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke kula da tukwanen canji, mai lamba 103 kuma katalis na canji. Yawancin sababbin motocin fetur na can suna ɗauke da matatar toka tun wajen 2018, wadda ta ƙara danne sauti, cire ta kuma laifi ne. A Japan ƙungiyar masu ƙera salansa ta JASMA ta daɗe tana manna tambarinta a salansar da ta cika sharuɗɗan binciken mota. Rubutun da ke cewa don filin tsere kawai, wanda ake gani a jikin kwalin bututai marasa katalis, yana nufin ba a yarda da su a titi ba.

Maƙera

Daga sanannun kamfanoni akwai HKS na Japan da aka kafa a 1973, da Fujitsubo da Tomei a can, sai Borla da MagnaFlow a Amurka, Milltek a Ingila, Remus a Ostiriya. Akrapovič na Sulobeniya da babura ya fara kafin ya shiga motoci, ya kuma yi suna a titaniyam har yana da wurin narka shi na kansa. Sunayen nan duk ana kwaikwayonsu, jabun tambari ya cika shagunan intanet.

Motocin da aka shigo da su

Motocin gudu na hannu da ke isowa Najeriya ta Legas ko Kwatano sukan zo an riga an taɓa salansarsu a ƙasar da suka fito, wasu kuma an yanke musu katalis, wanda kanikawa ke kira indomi, saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa. Kafin a sayi sabuwar salansa ana ɗaga motar ne a duba abin da ke ƙasa, a kuma binciki ko an taɓa saita kwamfutarta. Bututu mai faɗi yana rage tazarar mota da ƙasa, ga motocin nan dama gajeru ne, tudun rage gudu guda ɗaya ya isa ya lotsa shi ko ya tsinka robobin da ke rataye da shi. Bayan ɗaurawa ana tayar da injin a bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya ana neman yoyo, domin hayaƙin da ya sulale a ƙarƙashin kujeru yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Ana sake ɗaure notuna bayan motar ta yi zafi ta huce sau da dama, saboda ƙarfe marar tsatsa yana miƙewa da zafi ya kuma koma.