Siffofin Turanci masu wuya a jarrabawar GRE

Siffofin Turanci masu wuya wani rukuni ne na kalmomin da ake yawan cin karo da su a sashen harshe na jarrabawar GRE, wadda jami'o'i da dama, musamman a Amurka, ke nema daga mai son digiri na biyu ko na uku. Hukumar ETS, da aka kafa a 1947, ita ke shirya jarrabawar. Makin sashen harshe daga 130 ne zuwa 170, kuma sakamakon yana aiki har shekara 5.

Kafin 2011 akan tambayi kishiyar kalma kai tsaye, don haka hadda tana biyan buƙata. Gyaran da aka yi a shekarar ya cire wannan. Yanzu jimla ake bayarwa da gurbi a cikinta, wani lokaci a jera kalmomi 6 a ce a zaɓi 2 da za su ba ta ma'ana ɗaya. Tun Satumbar 2023 tambayoyin sashen 27 ne, cikin minti 41.

Ɗaliban Hausawa da suka tashi a Makka, Madina ko Jidda sukan ji Hausa a gida, su yi karatu da Larabci, Turanci ya zo a na uku. Siffofin asali a Hausa kaɗan ne, irin su babba, sabo da fari. Da yawa daga cikin sauran kuwa da "mai" ake gina su. To, "mai surutu" ɗaya tilo kan haɗiye loquacious da garrulous, alhali ta farkon yawan magana kawai take nufi, ta biyun kuwa da zargi a cikinta, surutu ne marar kan gado. Haka laconic, wadda ta samo asali daga Lakoniya, ƙasar mutanen Sparta a tsohuwar Girka: mai ita yana magana, a taƙaice dai. Taciturn ta fi kusa da miskili. Irin wannan bambancin jarrabawar ke farauta, shi ya sa koyon siffa a cikin jimla ya fi jerin fassara amfani nesa ba kusa ba.

Larabcin makaranta ma yana da rana. Sanguine da phlegmatic sun fito daga tsohon likitancin Girka da ya raba halin mutum bisa ruwayen jiki huɗu, wanda Ibn Sina ya yi rubutu a kai. Duk wanda ya san "damawi" da "balgami" ba zai sha wuya ba: ta farko mai kyautata zato, ta biyu mai sanyin hali.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne kalmomi masu kama da juna. Ingenious mai basira ne, ingenuous kuwa mai zuciya ɗaya, wanda bai iya ɓoye-ɓoye ba. Disinterested ba ta nufin rashin sha'awa. Alƙalin da ba shi da wata riba a shari'a ake kira haka. Enervated tana kama da kalmar kuzari a kunne, amma wanda ƙarfinsa ya ƙare take siffantawa.