Waiwaye: Wa Ya Ci Kuɗin Kiɗan Da Gambarar Amurka Ta Aro Daga Soul?

A ƙarshen 1979, Nile Rodgers, mai kaɗa jita a ƙungiyar Chic, yana cikin wani gidan rawa a New York sai ya ji an saki kiɗan da ya sani sarai. Kiɗan "Good Times" ne, waƙar da shi da abokinsa Bernard Edwards suka rubuta, wadda ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a watan Agusta na shekarar. Amma muryoyin da ke kai ba na Chic ba ne. Wasu samari uku ne ke ta zuba zance a kan kiɗan, har na sama da minti 14. Wannan ita ce "Rapper's Delight" ta Sugarhill Gang, waƙar gambara ta farko da ta shiga sahun 40 na saman jadawalin, inda ta tsaya a lamba 36. Rodgers da Edwards suka yi barazanar zuwa kotu, aka sasanta, aka sa sunayensu cikin marubutan waƙar. Tun daga ranar da gambara ta fara kawo kuɗi ke nan aka fara rigimar kiɗan waye.

Matar da ta haɗa samarin, Sylvia Robinson, ita kanta mawaƙiyar soul ce, wato wani salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka, wadda "Pillow Talk" ɗinta ta yi tashe a 1973. Ta san kasuwa, sai ta ɗauko makaɗa suka sake kaɗa kiɗan Chic a situdiyo. Ba ma kiɗa kaɗai aka ara ba: baitocin Big Bank Hank, ɗaya daga cikin samarin uku, daga littafin wani mawaƙin gambara, Grandmaster Caz, suka fito, kuma sunan Caz bai hau faifan ba.

Asalin abin ya girmi 1979. Ranar 11 ga Agusta 1973, a wani ɗakin taro na bene mai lamba 1520 kan titin Sedgwick a unguwar Bronx ta New York, wani saurayi haifaffen Jamaika, DJ Kool Herc, ya yi kiɗa a bikin da ƙanwarsa Cindy ta shirya don tara kuɗin kayan makaranta. Herc ya lura cewa 'yan rawa sun fi haukacewa a daidai gaɓar da mawaƙi ya yi shiru, sauran kayan kiɗa suka tsaya, aka bar mai ganga shi kaɗai. Gaɓar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi. Sai ya riƙa sayen faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora kowanne a kan na'urarsa: wannan na ƙarewa, ya saki wancan, ya mayar da allurar na farko baya. Daƙiƙa goma ta koma minti biyar. A lokacin babu mai maganar haƙƙin mallaka, don babu abin da ake sayarwa sai kuɗin shiga ƙofa.

Na'urori ne suka sauya lissafin. SP-1200 ta kamfanin E-mu ta fito a 1987, MPC60 ta Akai ta biyo baya a 1988. Yanzu yaro a ɗakinsa zai iya tsakuro kiɗa daga tsohon faifai, ya nanata shi yadda yake so, ya ɗora murya, ya kai kasuwa. Kuma faifan da suka fi shan tsakure su ne na soul da funk na iyayensu.

A nan ne ya kamata a tsaya kan mutum biyu. Na farko Clyde Stubblefield, makaɗin gangar James Brown, shahararren mawaƙin soul da funk. A watan Nuwamba 1969, a situdiyon King da ke Cincinnati, ana ɗaukar "Funky Drummer", Brown ya umarci sauran makaɗa su dakata su bar mai ganga. Stubblefield ya yi kusan daƙiƙa 20 shi kaɗai, hannunsa na tafiya a hankali, da ƙananan bugu a tsakanin manya waɗanda sai mai kunne ke ji. Waƙar ba ta yi wani abin a zo a gani ba a 1970. Da aka sake fitar da ita a kundin "In the Jungle Groove" a 1986, sai ta zama rijiyar kowa: Public Enemy a "Fight the Power", LL Cool J a "Mama Said Knock You Out", da wasu ɗaruruwa. Sunan marubucin waƙar a takarda James Brown ne. Stubblefield ma'aikaci ne, an biya shi ladan aikinsa, shi ke nan. Da ciwo ya kama shi a garin Madison na Amurka ba shi da inshorar lafiya, kuma sai bayan mutuwar mawaƙi Prince a 2016 aka bayyana cewa shi ne ya biya masa kuɗin asibiti a ɓoye. Stubblefield ya mutu a Fabrairun 2017.

Na biyu Gregory Coleman na ƙungiyar The Winstons. Waƙarsu "Color Him Father" ta kai lamba 7 a 1969, ta kuma ci kyautar Grammy. A bayan faifan akwai wani kiɗa marar waƙa, "Amen, Brother", kuma a tsakiyarsa Coleman ya yi bugun ganga na kusan daƙiƙa 7 shi kaɗai. Ƙungiyar gambara ta N.W.A suka ɗora "Straight Outta Compton" a kansa a 1988, sannan matasan Birtaniya suka ƙara masa sauri suka gina salon kiɗan rawa na jungle kacokan a kai. Coleman ya mutu a Atlanta a 2006 ba shi da matsuguni, a cewar shugaban ƙungiyar Richard Spencer. A 2015 wasu masu DJ a Birtaniya suka yi karo-karo ta intanet, suka tara wa Spencer fam dubu 24. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Me ya sa haka? Dokar Amurka ta raba waƙa gida biyu: haƙƙin rubutu, wato baiti da karin waƙa, na marubuci ne da kamfanin da ke kula masa, haƙƙin sautin da aka naɗa kuwa galibi na kamfanin faifai ne. Mai ganga ba ya ko ɗaya. Ƙari a kan haka, a wancan lokacin faifan da aka naɗa kafin 15 ga Fabrairu 1972 ba su da kariyar dokar tarayya ma sam, kuma duka biyun da na ambata a 1969 aka yi su.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne waɗanda suka kai ƙarar da ta sauya al'amura. Ba makaɗan soul ba ne. Mawaƙan rock na The Turtles ne suka maka ƙungiyar gambara ta De La Soul a kotu kan tsakuren da ke cikin kundinsu na 1989, aka sasanta a waje. Sai Gilbert O'Sullivan, ɗan Ireland, ya kai mawaƙin gambara Biz Markie da kamfanin Warner gaban alƙali Kevin Thomas Duffy kan tsakuro waƙarsa ba da izini ba. A Disambar 1991 alƙalin ya buɗe hukuncinsa da ɗaya daga dokoki goma na Attaura, wadda ta hana sata, ya dakatar da sayar da kundin, har ya nemi masu gabatar da ƙara su duba batun. Daga nan kamfanoni suka ɗauki lauyoyi na musamman don neman izini kafin a saki waƙa. Biz Markie, da yake mutum ne mai barkwanci, ya raɗa wa kundinsa na 1993 sunan da ke cewa an biya kuɗin duk wani tsakure.

Masu suna a takarda sun ci riba sosai. Rick James ya kai MC Hammer ƙara kan "U Can't Touch This" ta 1990, wadda aka gina a kan "Super Freak", ya samu kaso, har ya raba Grammy da shi. Stevie Wonder bai yarda Coolio ya taɓa "Pastime Paradise" ba sai da aka cire ashar daga "Gangsta's Paradise", kuma waƙar ta zama ta ɗaya a jadawalin ƙarshen 1995. Ko Manu Dibango na Kamaru sai da ya tunkari Michael Jackson kan amshin "Soul Makossa" kafin aka sasanta da shi.

Ni a ganina hukuncin 1991 ya gyara rabin matsala ne, ya kuma haifo wata. Kundi mai tsakure ɗari irin na Public Enemy ya gagari kowa saboda tsada, sai aka koma ɗaukar amshi guda na sananniyar waƙa a biya. Matsalar izinin tsakure na cikin dalilan da suka sa tsofaffin kundayen De La Soul ba su hau dandalin sauraro na intanet ba sai 3 ga Maris 2023, makonni kaɗan bayan mutuwar ɗaya daga cikinsu, Trugoy.

Kotuna ma ba su daidaita ba. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce komai ƙanƙantar tsakure sai da lasisi. A 2016 wata ta saɓa mata a shari'ar "Vogue" ta Madonna, kan busa da ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Sai a Oktoban 2018 aka sa hannu kan dokar da ta shigo da faifan kafin 1972 ƙarƙashin kariyar tarayya, amma ba ta mayar da mai ganga marubucin waƙa ba, ba ta kuma biya bashin baya ba.