Sabon direban tirela a Amurka: motar lis ko tuƙin kamfani?

Duk wanda ya ci jarabawar CDL, wato lasin tuƙin manyan motoci, a Amurka ya san abun da ke biyo baya, ko sati biyu lasin bai yi a aljihunka ba waya za ta fara ruri, wannan kamfani ya kira wancan ya turo saƙo, kuma a cikinsu ba ka rasa mai ce maka zo ka zama ubangidan kanka, mu ba ka mota sabuwa dal, ba sai ka ajiye ko sisi ba, ba ruwanmu da tarihin bashinka. 'Yan uwanmu da suka ajiye tasi da Uber suka koma tirela suna yawan jefo tambayoyi iri ɗaya a kan wannan batu, shi ne na ce bari in haɗa su wuri guda in amsa.

Wai menene bambancin ma tukuna?

Direban kamfani ma'aikaci ne kawai. Mota tasu, man dizal nasu, inshora nasu, in taya ta fashe a tsakiyar Nebraska ƙarfe biyun dare waya za ka ɗaga su turo mai gyara su biya. Kai naka tuƙi, ana lissafa maka kuɗi a kan kowane mil, a cire haraji tun kafin kuɗin su shigo hannunka, ƙarshen shekara a ba ka takardar W-2, wato takardar harajin ma'aikaci.

Shi kuma lis, kamfanin ne zai ba ka kan mota a matsayin haya, kana biya duk sati na tsawon shekara uku ko huɗu ko biyar, da alƙawarin in ka gama mota ta zama taka. A takarda ka tashi daga ma'aikaci ka koma ɗan kwangila mai zaman kansa, takardar 1099 ta harajin 'yan kwangila za a ba ka. Mai, gyara, inshora, haraji, duk sun dawo wuyanka. Wanda ya san yadda ake ba da adaidaita sahu a Kano a ce kana kawo balas har ka gama biya ya riga ya gane rabin zancen. Inda suka rabu shi ne ɗan adaidaita shi ke fita titi ya nemo fasinjansa da kansa, kai kuwa wanda ke binka bashin motar shi ne dai mai ba ka lodi. Riƙe wannan da kyau, don duk sauran maganar a kansa take tafiya.

Amma na ga ana nuna takardar biya ta dala dubu 4, dubu 5 a sati, ƙarya ce?

Ba ƙarya ba ce, layin sama kawai aka nuna maka. Bari mu yi lissafi na misali, lambobin ni na ɗora su don a gane, kowane kamfani da nasa. A ce ana biyanka dala 1.60 a mil, har da ƙarin kuɗin mai a ciki, ka yi mil 2,500 a sati. Dala 4,000 kenan. To tirela mai ɗauke da kaya tana cin galan ɗaya a mil 6 zuwa 7, ka ga za ka sha wajen galan 385, in galan na dala 3.80 mai kaɗai ya lashe kusan 1,460. Kuɗin mota na sati a ce 700. Inshora da lamba da sauran tarkace 200. Asusun gyara da suke cirewa, santi 10 a mil, 250. Abun da ya rage maka 1,390, kuma ba a taɓa haraji ba.

Abokinka direban kamfani da ake biya santi 55 a mil, a wannan mil 2,500 ɗin ya samu 1,375, bai sayi ko galan ɗaya ba.

Wannan fa satin mai kyau ne. Yanzu ɗauki satin da kasuwa ta yi sanyi, ko ka kwana biyu a bakin sito ana jan ƙafa wajen sauke kaya, mil 1,200 kawai ka samu. Kuɗin shiga 1,920, mai ya ci 700, gyara 120, amma kuɗin mota da inshora suna nan a 900 ɗinsu ko gezau. Ka tashi da dala 200. Abokinka ya tashi da 660. Satin da ka je gida sunan jaririnka ko zazzaɓi ya kwantar da kai kuwa, shi sifili zai gani, kai za ka ga ana binka 900, a cire a sati mai zuwa. Haka rami ke farawa, sai mutum ya koma tsoron zuwa gida, wata biyu uku iyalinsa a waya kawai suke ganinsa.

To in na dage na ƙara awoyi ba zan cike giɓin ba?

Doka ta ɗaure ka. Awa 11 ne iyakar tuƙi a cikin awa 14 na aiki, sannan dole ka huta awa 10, kuma ba ka wuce awa 70 a kwana 8. Tun Disambar 2017 na'urar ELD ke rubuta komai da kanta, zamanin littafi biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na nuna wa jami'ai, ya wuce. Ko kana da ƙarfin doki mil ɗin da za ka iya yi a sati yana da iyaka, kuma ko waɗannan ɗin sai in mai raba lodi ya ba ka.

Me zai sa kamfani ya hana ni lodi alhali ina biyansu kuɗin mota?

Ban ce kowane kamfani mugu ba ne, akwai masu tsoron Allah. Amma duba inda ribarsu take. In kasuwa ta faɗi, motar da direban kamfani ke ja in ta tsaya su ke asara, taka in ta tsaya kai ke asara, kuɗinsu na sati na shigowa ko ta motsa ko ba ta motsa ba. To wa kake ganin za a fara ba lodi mai tsoka? Sannan in ka gaji ka ajiye makulli a wata na 14, duk abun da ka biya ya tafi, mota ta koma fili a wanke ta a ba wani sabon da ya fito makaranta jiya. Mota ɗaya sai ta ci mutum uku huɗu kuma har gobe sunan kamfani ne a takardarta. Galibi kuma ba ka da ikon ɗaukar motar ka koma wani kamfani da ita, tunda ba taka ba ce tukuna.

Wannan ba hirar tasha ba ce. A 2017 jaridar USA Today ta yi dogon bincike a kan direbobin tashoshin jiragen ruwa na Los Angeles da Long Beach, aka samu wanda bayan an gama cire-cire santi 67 ya kai gida a sati guda. Dokar gine-ginen ƙasa ta 2021 ta sa aka kafa kwamiti na musamman a ƙarƙashin hukumar FMCSA mai kula da manyan motoci don ya binciki irin wannan lis ɗin, kuma da ya miƙa rahotonsa a Janairun 2025 shawarar da ya bayar ita ce a haramta wa kamfanonin dakon kaya yin sa gaba ɗaya. Shawara ce dai ba doka ba, amma ka ga inda masu binciken suka tsaya. Ita ma OOIDA, ƙungiyar direbobi masu motar kansu da ke Missouri, wadda aka kafa a 1973, ta daɗe tana jan kunnen mutane a kai.

Gyara fa, ba sabuwar mota ba ce?

Wani lokaci sabuwa, sau da yawa kuma wadda ta riga ta ci mil dubu ɗari uku huɗu a hannun direbobin kamfani, garanti na dab da ƙarewa. Motocin yanzu ba irin tsofaffin nan ba ne da bakanike zai buɗe ya ɗaure da waya a wuce, na'urar tace hayaƙi kaɗai in ta yi gardama kwamfutar motar za ta rage maka gudu har ka koma tafiyar kunkuru, sai janwe, kuma janwen tirela ba wasa ba ne. Buɗe inji a sake shi na iya cin dala dubu 20 ko fiye. Abun da ya fi gyaran ciwo shi ne kwanakin da mota ke gareji ana jiran kayan gyara, ba ka samun ko kwabo, kana biyan otal, kuɗin sati na tafiya.

Haraji fa?

Nan ma mutane ke faɗawa. Ɗan 1099 ba a cire masa komai, sai ya ɗauka duk nasa ne, har ya turo gida a fara gini. Akwai kashi 15.3 cikin ɗari na masu aikin kansu, ban da harajin kuɗin shiga, kuma ana so ka riƙa biya sau huɗu a shekara. Akwai harajin manyan motoci na fom 2290 da ke kaiwa dala 550 a shekara, ga lissafin harajin mai na IFTA tsakanin jihohi. Inshorar lafiya kai za ka nema wa kanka da iyalinka. Gaskiya ne za ka iya cire kuɗin mai da gyara daga abun da za a yi wa haraji, amma sai kana ajiye rasit kamar ɗan kasuwa na gaske, ba a cusa su a aljihun ƙofa ba.

Kenan tuƙin kamfani aljanna ce?

Ina fa. Shekarar farko akwai wuya, albashi ƙasa, sati uku huɗu a hanya, ka kwana a mota ɗaya da mai koya maka da ba ka taɓa gani ba, kamara na kallonka, an datse gudun motar a wajen mil 65 a awa. Ba banza ba a manyan kamfanonin doguwar tafiya yawan direbobin da ke sauyawa a shekara ya sha kaiwa kusan kashi 90 cikin ɗari. In su suka biya maka makaranta kuma akwai yarjejeniyar sai ka yi musu wajen shekara guda, in ka gudu su biyo ka da kuɗinsu.

Amma a shekarar nan ne za ka yi duk kurakuranka, ka kankare gefen bodi wajen ribas, ka ɓata hanya ka shiga inda gada ta yi ƙasa, ka koyi sauka gangaren Wyoming cikin ƙanƙara, kuma duk da kuɗin wani kake koyo. Matsakaicin abun da direban babbar mota ke samu a Amurka a 'yan shekarun nan yana tsakanin dala dubu 50 da 60 a shekara, in ka yi shekara ɗaya biyu lasin ɗinka tsaf ba hatsari, ƙofofi masu kyau na buɗewa, tanka, kaya masu haɗari, kamfanonin da ke jigilar kayansu da kansu, wasu ma kullum a gida za ka kwana.

Ni dai burina mota tawa, sai yaushe kenan?

Buri ne mai kyau, kuma akwai waɗanda suka yi suka ci riba. Yawancin da na ga sun tsaya da ƙafarsu hanya ɗaya suka bi, shekara biyu a kamfani suna rubuta kowane mil da kowane galan a littafi kamar motar tasu ce, suka tara kuɗi, suka gyara tarihin bashinsu, sannan suka sayi mota ta hannu a wajen dila ko ta banki, wato wanda ba shi ke ba su lodi ba. In kamfanin da ka jingina da shi ya fara wasa da kai sai ka cire tambarinsa a ƙofa ka kai motarka wani wuri. Masu inshora ma galibi sai sun ga shekara biyu na tuƙi kafin su ba ka farashin da za ka iya ɗauka.

Lokaci ma na da nasa. A 2021 kuɗin lodi ya yi tashin gwauron zabi, kowa ya ruga ya sayi mota da tsada, 2022 na zuwa dizal ya haura dala 5 galan, kuɗin lodi ya rufto, mutane da yawa suka mayar da makulli. Ko Yellow, kamfanin da ya kusa shekara 100 da ma'aikata wajen dubu 30, a 2023 ya durƙushe, balle mai mota ɗaya da ba shi da ajiyar wata uku.

In duk da haka na ce sai na yi lis, me zan duba kafin in sa hannu?

Kar ka sa hannu a ɗakin horo ranar da aka miƙo maka takarda ana cewa yi sauri mota na jira. Ka tafi da ita, ka biya lauya ko akanta da ya san harkar ya karanta. Ka tambaya jimillar abun da za ka biya nawa ne in an haɗa, ka kwatanta da kuɗin irin motar a kasuwa. Ka tambaya akwai dunƙulallen kuɗi a ƙarshe, don wasu sai ka gama shekarunka a ce saura dubu kaza kafin a ba ka takardar mallaka. In ka fita a tsakiya me za a bi ka. Za ka iya ƙin lodi ba a hukunta ka ba. Sannan tambayar da ba sa so: mutum nawa ne suka gama biya suka karɓi takardar mota a nan bara, a haɗa ni da biyu in ji daga bakinsu. In aka fara kame-kame ka samu amsarka.

Dokar tarayya ta lis, sashe na 376, ta ba ka wasu haƙƙoƙi. Duk abun da za a cire maka dole ya kasance a rubuce a yarjejeniya, a biya ka cikin kwana 15 da miƙa takardun lodi, in kaso ake ba ka daga kuɗin lodi maimakon lissafin mil kana da ikon ganin ainihin kuɗin da mai kaya ya biya, kuɗin ajiyarka da ke hannun kamfani kuma a dawo maka da su cikin kwana 45 bayan kun rabu.

An ce mai lis ne kaɗai ke iya ƙin ɗaukar giya ko naman alade, haka ne?

Wannan na cikin abun da ke jan 'yan uwa Musulmi zuwa lis, kuma ba haka zancen yake ba. Ma'aikaci ma doka ta ba shi damar neman a duba addininsa in ba zai jawo wa kamfani babbar wahala ba. A 2015 wata kotun tarayya a Illinois ta ba wasu direbobi biyu Musulmi 'yan asalin Somaliya diyyar dala dubu 240 bayan an kore su don sun ƙi jan lodin giya. Abun da ya fi sauƙi shi ne ka faɗa tun ranar ɗaukarka aiki, a rubuce, ko ka nemi ɓangaren da ba a haɗuwa da irin kayan, kamar masu jan katako da ƙarafa a buɗaɗɗen bodi. Ita kuma takardar lis, in za ka kai wa lauya ka yi kwafi biyu, ɗaya ka kai wa malamin da ya san mu'amala, don kuɗin ruwa da tarar jinkiri kan ɓuya a can shafukan baya inda rubutun ya fi ƙanƙanta.