Me ake nufi da sifintironik?

Sifintironik fanni ne na kimiyya da ke amfani da maganaɗisun jikin ilektoron wajen adana bayanai da sarrafa su. Ilektoron, ɗan ƙwayar nan da ke gudana cikin waya, yana da caji, wanda kayan lantarki suka daɗe suna dogara da shi. Yana kuma da wata ɗabi'a da ake kira sifin, wadda ke mayar da shi ɗan ƙanƙanin maganaɗisu. In an auna sifin, ko dai a same shi ya kalli sama ko ya kalli ƙasa, kuma fuskokin nan biyu sun isa su tsaya a matsayin 0 da 1 na kwamfuta.

Ƙofar ta buɗe ne a 1988, lokacin da Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a nasa ɗakin bincike, suka jera shimfiɗun ƙarfe da kuromiyom masu kaurin 'yan nanomita. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Sai suka ga idan maganaɗisun shimfiɗun ƙarfen sun kalli wuri guda, lantarki na ratsawa cikin sauƙi, idan kuwa sun saɓa wa juna, sai ya sha wuya. Da wannan bambancin ake karanta 0 ko 1. Kamfanin IBM ya sa dabarar a faifan ajiyar kwamfuta a 1997, su kuma masanan biyu suka sami kyautar Nobel a 2007.

Karantawa ke nan. Rubutawa ita ce mai jan aiki, kuma a ganina nan ne zuciyar fannin take. Maganaɗisu ba ya kifewa farat ɗaya. In an taɓa shi, sai ya riƙa layi yana kewaya kamar katantanwar da ta fara gajiya, sau biliyoyi a daƙiƙa guda, kafin ya tsaya a sabuwar fuska. Dole a san yadda za a tayar da wannan layin da yadda za a kwantar da shi. A 1996 John Slonczewski da Luc Berger suka nuna ta lissafi cewa ilektoron masu sifin da ya kalli wuri guda za su iya ture maganaɗisu da kansu in aka tura su cikinsa. A kan haka aka gina sabon samfurin MRAM, wato ma'adanar bayanai ta kwamfuta mai aiki da maganaɗisu, wadda ba ta mantuwa ko an kashe wuta. Samsung ya fara ƙera ta da yawa a 2019.

Sai dai akwai tsaka mai wuya. In maganaɗisun ya ƙanƙance da yawa, zafin ɗaki kaɗai na iya juya shi, bayani ya ɓace. In an ƙarfafa shi ya tsaya daram, juya shi zai ci wuta mai yawa, alhali rage cin wuta ake nema tun farko. Shi ya sa wasu masu bincike suka koma kan sikirmiyon, wani ɗan ƙulli na sifin da aka fara gani a Jamus a 2009, wanda wuta kaɗan ke iya motsa shi. Wasu kuma suna gwada aika saƙo ta igiyar sifin, inda kowane sifin ke girgiza na kusa da shi, ilektoron ba su bar wurinsu ba, don haka zafin da ake asara ya ragu.