Waiwaye: Gidan Lincoln da har yau ba a biyan kuɗin shigarsa

A mahaɗar titin Eighth da Jackson a birnin Springfield, jihar Illinois ta Amurka, akwai wani gidan katako mai bene wanda ba a karɓar ko sisi a ƙofarsa. Shi ne gida ɗaya tilo da Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka, ya taɓa mallaka a rayuwarsa.

An gina shi a 1839, ɗan madaidaici. A 1844 Lincoln, yana lauya mai neman na kansa, ya saye shi kan dala 1,500 daga hannun Rabaran Charles Dresser, wanda ya ɗaura masa aure da Mary Todd shekara biyu kafin nan. Da aljihu ya yi nauyi, iyali kuma ya ƙaru, sai aka ɗora masa cikakken bene a 1856. Nan aka haifi 'ya'yansa maza uku, nan kuma ɗaya daga cikinsu, Eddie, ya rasu a 1850 bai kai shekara huɗu ba. A falon gidan ne wakilan jam'iyyar Republican suka same shi a watan Mayun 1860, suka shaida masa shi aka tsayar takarar shugaban ƙasa.

Bayan ya ci zaɓe, a Fabrairun 1861 ya kama hanyar Washington. Bai sayar da gidan ba, haya ya ba wani jami'in kamfanin jirgin ƙasa, alamar yana da niyyar dawowa. Harbin da aka yi masa a Afrilun 1865 ya yanke wannan.

Daga nan gida ya zama na 'yan haya. Mafi shahara cikinsu Osborn Oldroyd, mai tara kayan tarihin Lincoln, wanda ya cika ɗakunan da tarkacensa yana nuna wa baƙi. A 1887 Robert, ɗan Lincoln da ya rage a raye, ya miƙa gidan ga gwamnatin Illinois bisa sharaɗi biyu: a kula da shi, kuma kowa ya shiga kyauta. A ganina wannan sharaɗin ne ya hana gidan zama rumfar kasuwa.

Shugaba Nixon ya sa hannu kan dokar mayar da shi wurin tarihi na ƙasa a 1971, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1972, sharaɗin Robert kuwa ya bi gidan. An gyara unguwar da ke kewaye ta koma kamannin da, har da hanyar ƙafa ta katako. Tikiti dai sai ka karɓa kafin a shigar da kai, amma ba za ka taɓa aljihu ba.